Rediyon Ɗalibai da Filin Gaisuwar da Ake Rainawa

Akwai wata magana da tsofaffin ma'aikatan gidan rediyo suke yawan yi idan aka ambaci tashoshin jami'o'i. Wai waɗannan ba gidajen rediyo ba ne, ɗakin gwaji ne kawai da aka sakar wa yara su yi ta surutu da sa waƙa kafin lokacin lacca ya yi. Babbar hujjarsu kuwa ita ce filin gaisuwa. Sai ka ji sun ce ka murɗa tashar da safe gaisuwa, ka dawo da yamma gaisuwa, to ina ilimin da aka ce za a watsa? Ni kuwa wannan filin shi ne abin da na fi so a tashoshin nan, kuma da shi nake gane tashar da ta san aikinta da wadda take ɓarnar man janareta.

Tarihin ba shi da tsawo. Har zuwa 1992 gwamnati ce kaɗai ke da ikon buɗe gidan rediyo a Nijeriya. A shekarar ne dokar soja mai lamba 38 ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Raypower ta fara aiki a Legas a 1994. Jami'o'i sai da suka ƙara jira. Jami'ar Legas ce ta fara samun lasisi a 2002, ta soma watsa shirye-shirye a 2004 a kan mita 103.1. Daga nan sauran suka biyo: ta Ahmadu Bello a Samaru a kan 101.1, ta Bayero a Kano a kan 98.9, Kanem FM ta Jami'ar Maiduguri, ICE FM ta Jami'ar Jos, Search FM ta Minna. Lasisin rediyon al'umma kuwa, wanda Nijar ta riga mu da shi tun 1999 da tashar Bankilare, bai fito a nan ba sai 2015. Ke nan an yi shekara goma da 'yan kai tashar jami'a ce kusan kaɗai muryar da ba ta gwamna ba kuma ba ta attajiri ba.

Masu sukar suna son kawo misalin Amurka, inda ɗalibai ne ke riƙe da tasha tun daga manaja har mai zaɓen faifai, inda kuma tashoshin suka yi suna a shekarun 1980 da fito da mawaƙan da manyan gidaje suka ƙi sakawa. Gaskiya ne, kuma namu ba haka suke ba, domin a nan malami ko ma'aikaci ne manaja, ɗalibai suna ƙarƙashinsa. Amma sun manta da farkon labarin. Tashar Jami'ar Wiskonsin, wadda ake kira 9XM kafin ta zama WHA, abin da ta riƙa karanta wa mutane a 1921 shi ne hasashen yanayi da farashin amfanin gona. Manoman da ke bayan katangar makaranta ta fara yi wa magana, waƙa daga baya ta zo.

Filin gaisuwa ba ɗalibai suka ƙirƙiro shi ba, gadonsa suka yi. Duk wanda ya tashi da Rediyon Kaduna, wadda ta fara aiki a 1962, ya san shirin Zaɓi Sonka, ya san katin da ake saye a cike da sunaye a aika, ya san ƙungiyoyin masu saurare da suka haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba zumunci. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai kati ya ja baya, kira da saƙon tes suka maye gurbinsa, yanzu kuma ga saƙon murya na WhatsApp. Wannan canji ne ya mayar da filin aiki mai wuya. Kati kana iya duba shi tun dare, ka tsallake abin da bai dace ba. Mai kira kuwa yana kan iska kai tsaye, ba ka san abin da ke bakinsa ba sai ya faɗa.

A saurari yadda kira ɗaya yake tafiya a hannun ɗalibar da ta ƙware. Waya ta shigo, sai ƙara ta cika ɗakin saboda mai kiran yana zaune kusa da akwatinsa. Sabon hannu zai ce, "Ka kashe rediyonka," da muryar da malami ke tsawata wa ɗan aji. Ita kuwa ta riga ta ji daga sallamarsa cewa dattijo ne, sai ta amsa sallamar cikakkiya tukuna, sannan ta ce, "Baba, barka da yamma. A ɗan rage mana ƙarar rediyon don mu ji muryarka sosai." Buƙatar ɗaya ce, amma a ta biyun an nuna wa mutum cewa muryarsa ake nema. Sai tambayar daga ina. Idan ya ambaci gari ba ta tsayawa nan, takan ce wace unguwa, ta wane ɓangare, domin ta san mai saurare ba ya miƙewa zaune sai ya ji an ambaci bayan tasha ko gindin tsamiyar da ya sani.

Sai jerin sunaye, wanda masu suka suke ji kamar hayaniya. Jerin yana da tsari, kuma mai kira ba ya karya shi. Iyaye ne farko idan suna raye, sai surukai, sai mai ɗakinsa wadda sau da yawa ba zai kama sunanta ba sai dai ya ce uwar wane, sai abokan sana'a, sai a rufe da duk wanda ya san shi. Mai gabatarwar da ta san wannan tsari ta san inda za ta shiga. Ba ta katse mutum yana tsakiyar surukansa, domin wanda aka tsallake zai ji, kuma maganar za ta kai gida. Tana jira ya iso kan abokai, inda jerin ba ya ƙarewa, sai ta karɓe da cewa, "Da su da duk sauran 'yan majalisa, Baba, duk sun ji, Allah ya bar zumunci." An rufe kiran cikin minti ɗaya da rabi, babu wanda aka kunyata. Wannan ita ce gwanintar da ake biyan manyan masu hira da 'yan siyasa kuɗi saboda ita, wato sanin lokacin da za ka karɓe magana daga bakin mutum ba tare da ya ji an ƙwace ba.

Abin da ya fi wannan shi ne labarin da ke ɓoye a cikin gaisuwa. Bahaushe ba ya kiran gidan rediyo ya ce yana da rahoto. Zai ce ne yana gaida ƙaninsa da bai samu zuwa suna ba saboda ruwa ya cinye hanya, ko yana gaida 'yan ƙungiyarsu ta manoma da har yanzu suke jiran taki. Ɗalibin da hankalinsa ke kan waƙar da zai saka zai ce madalla ya wuce. Wanda ya iya zai tsaya: "Wace hanyar ce, ranka ya daɗe? Tun yaushe?" Tambaya biyu, ya samu abin da ɗakin labarai zai bi gobe. Haka kuma a nan ne ake koyon tsaron baki, domin wata rana mai kira zai fara da gaisuwa ya zarce da zagin kansila ko tona asirin wanda yake bi bashi, kuma yatsan da ke kan maɓalli yana da daƙiƙa biyu ya yanke hukunci. Babu laccar dokokin aikin jarida da ke koyar da wannan kamar yadda kira ɗaya yake koyarwa.

Masu cewa a cike lokacin da shirye-shiryen ilimi, na san abin da suke nufi, na kuma saurare shi: a kawo farfesa ya zauna ya karanta takardarsa ta taron ƙara wa juna sani na rabin awa, rabi Turanci rabi Hausar da aka ja ta da ƙarfi. Ko ɗalibansa ba sa ji. Ilimin da ya taɓa shiga kunnen manomi ta rediyo, irin wanda cibiyar NAERLS ta Samaru ta daɗe tana shiryawa, ya shiga ne saboda an yi shi da harshen mai gona kuma an amsa tambayar da shi ya yi. Ɗaya ɓangaren kuma, masu son tashar ta zama kamar ta Legas, yaro ɗan Gombe yana murɗe harshe yana Turancin Amurka, waɗannan ba su ma cancanci dogon martani ba. Wanda suke kwaikwayo yana cikin wayar kowa, kuma ya fi su iyawa.

Inda maganar ta fi ƙarfi a wurina shi ne wuri irin Taraba. Jami'ar jihar tana Jalingo tun 2008, Sunkani hedikwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola kuwa tana nan kusa, ga Iware da kasuwar shanunta. Muryar FM ba ta san katangar makaranta ba. Duk tashar ɗalibai da za ta yi magana daga gari irin Jalingo, mafi yawan kunnuwan da za ta faɗa ba na masu katin shaidar ɗalibi ba ne, na mai shago ne da mai Keke Napep da matar da ke sussukar masara. Kuma waɗannan mutane ba harshe ɗaya gare su ba. Akwai Mumuye, akwai Fulani, akwai Jukun Kona, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa. Gidan rediyon jiha da Gift FM ta Rediyon Tarayya suna raba wa harsuna lokaci, kowane da 'yan mintocinsa na labarai, a jere kamar layin awo. A filin gaisuwa kaɗai harsunan suke haɗuwa yadda suke haɗuwa a gari: mutum ya yi sallama da Hausa, ya juya Fulatanci don ya gaida kakarsa, ya dawo. Aji ɗaya na koyon aikin jarida a Jalingo yana ɗauke da masu jin harsunan da babu gidan rediyon kasuwa da zai iya ɗaukar ma'aikatansu duka. Wannan dukiya ce da tashar ɗalibai kaɗai take da ita kyauta, kuma ita ce ake barin ta a banza idan aka ce kowa ya yi Turanci don ya nuna ya shiga jami'a.

Matsalolin da ake lissafawa na gaske ne. Man dizal yana cinye kasafin sashe, yajin aikin malamai na 2022 ya kwashe wata takwas ɗalibai suna gida, kuma akwai hukumomin makarantu da suke ganin tashar ba ta da aiki sai yaɗa jawabin shugaba ranar bikin yaye ɗalibai. Amma kuskuren da ya fi damuna ƙarami ne kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo. Kusan ko'ina sabon shiga ake tura wa filin gaisuwa, wai don ya saba da makirufo, a ajiye 'yan ajin ƙarshe a kan karanta labaran da aka kwafo daga intanet. A juya abin. Karanta rubutaccen labari shi ne mai sauƙi, a ba ɗan aji biyu. Filin kira a ba wanda ya kusa fita, a zaunar da mutum biyu masu harshe daban a gaban makirufo, a ajiye na uku da littafi yana rubuta duk hanyar da aka ce ta yanke da duk garin da aka ce rijiyar burtsatse ta lalace, malami kuma ya ba da maki a kan wannan littafin kamar yadda yake bayarwa a kan jarrabawa.