Suwer: Zanen Bayan Gilashi da Masu Raina Shi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu ganin sun san zane. Wai duk abin da aka jera wa baƙo a bakin titi tsaraba ce kawai, babu fasaha a cikinsa, har suna yi masa laƙabi da zanen filin jirgi. A Dakar, wanda wannan gori ya fi faɗa wa shi ne suwer, zanen da ake yi a bayan gilashi. Za a ce maka in da gaske kake neman zanen Senegal, to ka shiga gidajen baje kolin zane na unguwar Plateau, inda ake da na'urar sanyi da farashi a rubuce, ka bar na Sumbejun da na kasuwar Kermel ga 'yan yawon buɗe ido. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina zargin yawancin masu yanke shi ba su taɓa tsayawa a kan mai suwer yana aiki ba.

Tarihinsa ba ya buƙatar dogon zance. Sana'ar ta shigo Senegal ne daga Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya wajen ƙarshen ƙarni na 19, ta hannun alhazai da fatake 'yan Maroko da Kwarori masu sayar da hotunan addini na bugu: Buraƙa, jirgin Annabi Nuhu, yaƙe-yaƙen Sayyidina Ali. A zamanin William Ponty, gwamna janar na Faransa a Afirka ta Yamma daga 1908 zuwa 1915, hukuma ta sa wa irin waɗannan hotuna takunkumi don tsoron tasirinsu. Sai mutane suka ɗora gilashi a kan 'yan waɗanda suka rage a hannu suna kwafa. Daga nan aka koma zana shehunan gida, Alhaji Malik Si na Tiwawan da Shehu Ahmadu Bamba na Tuba, da jarumai irin Lat Jor da dokinsa Malaw. A Saint-Louis har ɗakin amarya ake ƙawatawa da su tare da hotunan dangi da aka aro. Da aka sami 'yanci, Shugaba Senghor ya zuba kuɗin gwamnati a makarantar zane ta Dakar da masaƙar darduman bango ta Thiès da aka buɗe a 1966, suwer kuwa aka bar shi a kasuwa. Can ya rayu, a hannun irin su Gora Mbengue, wanda ya rasu a 1988, da Mor Gueye.

Abin da ya sa nake fifita shi a kan zane-zanen zamani da yawa shi ne yadda ake yin sa. Mai zane a kan yadi yakan fara da shimfiɗa, ya sa sararin sama da ƙasa, ya ɗora mutum, ya ɗora masa riga, sai a ƙarshe ya ɗiga ƙwayar ido ya sa hannu. In bai gamsu ba ya shafe da wani fenti ya sake. Mai suwer daga ƙarshe yake farawa. Yana aiki ne a fuskar gilashin da ba ita za a kalla ba, saboda haka duk abin da ya fara sa wa shi zai fito a gaba, abin da ya biyo baya kuma ya ɓuya a bayansa. Zai wanke gilashi tas, ya ɗora shi a kan zanen takarda, ya bi layi da alƙalami da baƙar tawada. Sunansa ma a juye zai rubuta shi tun kafin ya taɓa fenti. In akwai rubutun Larabci, sai ya bi shi daga hagu zuwa dama, kowane harafi a birkice, domin ya karantu daidai idan an juyo.

Bayan tawada ta bushe sai ƙananan abubuwa: farin ido, 'yan kunne, ƙwayoyin carbi, furannin da ke jikin atamfa. Kowane launi sai ya sha iska kafin a sa na kusa da shi, in ba haka ba su cuɗe. Sannan fata, sannan tufa, sai daga ƙarshe a malala launin shimfiɗa ya rufe komai. A wannan lokaci, abin da ke gaban mai aikin dabbare-dabbare ne marar kyan gani, kamar yaro ya yi wasa da fenti. Sai an juyo gilashin hoton ke bayyana, sumul, da sheƙin da ba wani man goge da zai ba shi. Kuskuren da aka yi a layin farko yana nan a gaba har abada, sai dai a kankare a koma farko. Wannan ne ya sa layi ya zama komai a suwer. Launi a baje yake, ba inuwa, ba zurfi, ba inda hannu mai rawa zai ɓuya. Dubi yatsun mace a zanen gwani: layi ɗaya ne ya taso daga wuyan hannu ya zagaye yatsa ya dawo, bai tsaya ba, bai yi kauri a kwana ba. Dubi na mai gaggawa, za ka ga inda alƙalami ya ɗaga aka sake ɗora shi.

Babbar hujjar masu suka ita ce maimaici. Suna cewa hoto ɗaya ne ake ta juyawa, zanen takarda ɗaya a kwafi gilashi ɗari da shi. Gaskiya ne ana ajiye zanen takarda, almajiri ma kan gaji na maigidansa. To sai me? Aska takwas ɗaya ce a gaban manyan riguna da yawa, amma ba wanda ya san ɗinki da zai ce duk maɗinka ɗaya ne. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne Shehu Ahmadu Bamba. Shekaru da yawa, hotonsa na kyamara guda ɗaya tak aka sani, wanda aka ɗauka wajen 1913: yana tsaye cikin farar riga, mayafi ya rufe masa baki, hannuwa sun shige cikin hannun riga. Daga wannan siffa ɗaya masu suwer suka fitar da rayuwa sukutum. Ga shi gaban Turawan mulki, ga shi da zaki ya kwanta a gefensa, ga shi kuma a hanyar Gabon, inda aka kai shi gudun hijirar dole daga 1895 zuwa 1902, ya shimfiɗa buzu a kan teku yana salla, yadda mabiyansa Muridai ke ba da labari. Siffar ba ta canjawa domin ba a so ta canja. Gwaninta tana wajen kifayen da suka kewaye buzun, da fuskar matuƙin jirgi, da irin shuɗin da aka zaɓa wa ruwa. Ɗan Kano da ya saba ganin hoton Shehu Ibrahim Inyass a shago da jikin mota, ko ya taɓa zuwa Maulidi Kaulaha, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Batun halaccin hoto kuwa muhawara ce ta malamai, ba ita ta kawo ni ba.

Hujja ta biyu ita ce wai baƙi sun lalata sana'ar, tunda aka koma zana musu abin dariya. Ni ina ganin akasin haka. Lokacin da hoton kyamara da kalandar bugu suka yi arha, gidajen Senegal suka rage sayen suwer, kuɗin baƙi ne ya hana masu yin sa watsewa. Kuma abin da suka zana a wannan zamani shi ne mafi daɗin kallo a wurina: motar haya mai launin shuɗi da ruwan ɗorawa maƙil da fasinja, yaron mota na lilo a baya, mai cire haƙori ya danne majinyaci, kishiyoyi sun kama kokawa miji ya rasa ta cewa, ɓarawon rago a hannun jama'a, mata da ɗaurin kallabi ya fi kai girma. Wanda ke son sanin yadda Dakar take dariyar kanta, a nan zai gani, fiye da a manyan allunan da ake ratayewa lokacin bikin zane na Dak'Art.

Ba ina cewa a ƙaurace wa gidajen zane ba ne. Su ne ke adana tsofaffin ayyuka, kuma a nan za ka ga yadda masu ilmin makaranta irin su Serigne Ndiaye da Germaine Anta Gaye suka ɗauki gilashi suka kai shi wani wuri dabam. Ka shiga, ka kalla, ka koyar da idonka. Amma ka sani abin da gidan zane ke sayarwa shi ne suna da takardar shaida da firam mai tsada, kuma firam ɗin ya rufe bayan gilashi, inda aikin yake. Suwer sana'ar masu koyo a gaban maigida ce, darajarta a hannu take, ba a sa hannu ba. Saboda haka matafiyin da ke son saye ya nemi rumfar da ake aikin, ya roƙi a nuna masa wanda ba a riga an manna wa kwali da salatif ba. Ya ɗaga shi ga haske ya ga ko fenti ya rufe ko'ina, ya duba gefe ko ya fara ɓamɓarewa, domin laima ita ce babbar abokiyar gabar suwer. Ya yi ciniki, amma ya tuna kwana nawa launuka suka yi suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. In ya saya, ya naɗe shi cikin riguna ya riƙe a jakar hannu, don masu lodin kaya a filin jirgi ba ruwansu da abin da ke cikin akwati.