Muryar Wani Matashi Daga Miga: Rawar Murya Ce Ko Ƙarewar Numfashi?

Waƙar ta zo mana ta WhatsApp, minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi. Wani matashi ne daga Miga ya rera ta a ɗaki, ba kiɗa sai tafi. Ya ce kuɗin riɗin da ya sayar bana zai kai sutudiyo a Kano, amma yana son a faɗa masa gaskiya tukuna. To, ga ta.

Muryar tana da zaƙi. Tana da kauri a ƙasa, kuma ba ta fashewa idan ta hau. Inda muka tsaya shi ne rawar da yake yi da ita a ƙarshen kowane ɗango, irin wadda waƙoƙin finafinanmu suka gada daga mawaƙan Indiya kamar Lata Mangeshkar.

Da yake sana'armu ta kwamfuta ce, mun zuba sautin a Audacity muka duba. A wurin ƙwararrun mawaƙa, murya kan kaɗa sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa ɗaya, kuma kaɗawar daidai take tun daga farko har ƙarshe. Tasa ba haka take ba. Tana farawa a hankali, sai ta riƙa sauri tana kuma yin ƙasa, daidai lokacin da ƙarfin sautin ke raguwa. Wato iska ce ke ƙare masa, maƙogwaro ya shiga kokawar riƙe muryar. Kunne ma ya isa ya ji: kafin kowane layi akwai wata shaƙa mai ƙara, irin ta wanda ya ɗaga kafaɗu ya cika ƙirji kawai. Numfashin da ke riƙe doguwar murya daga ƙasa yake zuwa, ciki da haƙarƙari su buɗe, sannan a riƙa sakin iskar kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi damun mu ma ba wannan ba ne. Hausa tana bambanta gajeren wasali da dogo, kuma rawar murya tana buƙatar wasalin da za ta zauna a kai. Sau uku ya ja gaɓar farko ta kalmar “gari” don ya samu wurin kaɗawa, sai garin da yake yabo ya koma garin tuwo. Mun tabbata tsofaffin Miga za su ji wannan tun kafin su ji zaƙin muryar.

Ya saurari Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Shata kan kwana yana waƙa, amma bai cika jan murya ba. Yakan jefa magana gajeriya, 'yan amshi da kalangu su karɓa, shi kuma ya numfasa. Tsarin waƙar ne ke ba shi hutu. Ɗan Maraya Jos ba shi da 'yan amshi, kuntiginsa ne ke cike gurbin. Matashinmu kuwa ya rubuta dogayen layuka a jere ba mai karɓa masa, ya kuma ɗora wa kowanne ado a wutsiya.

A sutudiyo za a ɗauki waƙar layi-layi, a goge shaƙar, Auto-Tune ya daidaita saura. Wannan manhaja tun 1997 take wannan aiki. Sai dai ranar da aka gayyace shi biki a Jahun ko Dutse aka miƙa masa makirfo, ba mai gyara masa komai.

Shawararmu: ya riƙe kuɗin riɗinsa zuwa wata biyu ko uku. Kullum ya kwanta rigingine, hannu a kan ciki, ya shaƙa har hannun ya ɗaga, ya saki iskar da sautin “sss” yana ƙirga daƙiƙoƙi. Ya rera waƙar miƙe, ba rawa ko ɗaya, ya raba dogayen layukan gida biyu, ya nemi abokai biyu su yi masa amshi. Daga nan ya sake turo mana, musamman ɗango na uku, inda muryarsa ta fi daɗi.