Zambo da Shiru a Muhawarar Zaɓen Amurka: Sharhi a Kan Karawar Trump da Harris ta 2024

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu feɗe muhawarar da aka yi a birnin Filadelfiya ranar 10 ga Satumba, 2024, tsakanin 'yan takarar shugabancin Amurka biyu, watau Donald Trump na jam'iyyar Rifabilikan da Kamala Harris ta jam'iyyar Dimokurat. Gidan talabijin na ABC ne ya shirya ta, David Muir da Linsey Davis suka gabatar, an kuma ƙiyasta mutum kimanin miliyan 67 ne suka kalla. Ita kaɗai ce karawar da su biyun suka yi ido da ido kafin zaɓen Nuwamba. Za mu ɗauke ta kamar yadda muke ɗaukar kowane matani a aji, mu dubi abin da aka faɗa, da yadda aka sarrafa harshe wajen faɗinsa, da kuma abin da aka tsallake.

Abin da muke son nunawa shi ne, zargin tsattsauran ra'ayi ya yi aikin zambo a daren nan. Kowane ɗan takara ya tura abokin hamayyarsa can bakin gaɓa, sa'an nan ya ɓoye inda tasa iyakar take. Tsarin muhawarar ma ya taimaka, domin minti biyu ake bai wa mutum ya amsa, biyu ga mai raddi, ana kuma kashe makirufon wanda ba lokacinsa ba ne. Minti biyu sun ishi mai jefa laƙabi, amma ba su isa a warware mas'ala ba.

2.0 Zubar da Ciki

A nan ne muhawarar ta fi zafi. A shekarar 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Roe da Wade, ta yanke cewa tsarin mulki ya ba mace damar zubar da ciki. Ranar 24 ga Yuni, 2022, kotun ta rushe wannan hukunci a shari'ar Dobbs, ta mayar da ikon ga jihohi. Uku daga cikin alƙalan da suka yi rinjaye Trump ne ya naɗa su.

Da aka tambaye shi matsayinsa, sai Trump ya juya zancen, ya ce 'yan Dimokurat ne masu tsattsauran ra'ayi, don suna yarda a zubar da ciki a wata na tara, har ma a kashe jariri bayan haihuwa. Nan take Linsey Davis ta gyara masa, ta ce babu jihar da doka ta halatta kashe jariri bayan an haife shi. Ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuwa ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na cikin da ake zubarwa, a makonni 13 na farko ake yi, kuma kimanin kashi 1 ne kawai ke kaiwa mako na 21 ko fiye. Ashe dai ya ɗauki abin da ya fi ƙaranci ne, ya ƙara masa abin da babu, ya ɗora wa abokiyar hamayyarsa a matsayin aƙidarta. Amma da aka tambaye shi ko zai hau kujerar na ƙi idan majalisa ta kawo masa dokar haramci ta ƙasa baki ɗaya, kamar yadda mataimakinsa J. D. Vance ya ce zai yi, sai ya kauce, ya ce bai tattauna wannan da Vance ba. Sai a farkon Oktoba ya fito ya ce zai ƙi sa hannu.

Ita kuwa Harris labari ta ɗauka makami. Ta kawo hoton matar da ta yi ɓari tana zubar da jini a cikin mota a ƙofar asibiti domin likitoci na tsoron ɗauri, da yarinya 'yar shekara 12 ko 13 da wani danginta ya yi wa ciki, doka kuma ta tilasta mata ta haife. A ganinmu nan ne ta fi yin fasaha a duk daren, domin ta sauko da batun daga zauren kotu ta kai shi ɗakin haihuwa. To, amma da aka tambaye ta ko akwai wani taƙaitawa da za ta goyi baya, ba ta ambaci ko ɗaya ba, sai ta ce tana son a maido da kariyar hukuncin Roe. Trump ya matsa mata da tambayar wata na bakwai da na takwas da na tara, ba ta ba shi amsa kai tsaye ba. Abin mamakin shi ne amsar tana nan a hannunta, domin hukuncin Roe kansa ya bar jihohi su hana zubar da ciki daga lokacin da ɗan tayi zai iya rayuwa a wajen mahaifa, sai fa in ran uwa ko lafiyarta na cikin haɗari. Faɗin haka a fili zai ɓata wa wasu magoya bayanta, don haka ta bar shi a dunƙule. Masu gabatarwa kuma ba su bi ta da tambaya ta biyu ba, wanda kuwa aibi ne a aikinsu.

Masu zaɓe sun nuna sun fi 'yan takarar iya rarrabewa. A Nuwamba 2024 jihohi goma sun kaɗa ƙuri'a a kan wannan batu, bakwai suka amince da kare damar zubar da ciki. Mizuri da Arizona da Montana da Nebada suna cikinsu, alhali dukkansu Trump suka zaɓa. A Fulorida kashi 57 cikin ɗari suka goyi baya, amma ƙudurin ya faɗi saboda doka na bukatar kashi 60.

3.0 Laƙabin Tsattsauran Ra'ayi

Duk wanda ya nazarci waƙoƙin siyasar NEPU da NPC ya san zambo ba ya neman shaida. Bukatarsa ita ce ya manne wa mutum, a yi dariya, a maimaita gobe a kasuwa. Haka Trump ya yi da ya kira Harris 'yar gurguzu, hujjarsa kuwa ita ce mahaifinta malamin tattalin arziki ne mai wannan ra'ayi. Haka kuma ya ce baƙin haure suna cinye karnuka da kyanwoyin mutane a garin Sifirinfil na jihar Ohayo, Muir ya sanar da shi cewa hukumar garin ta ce ba ta da wani ingantaccen rahoto a kai. Kashegari maganar karnukan ce ta cika bakunan mutane, ke nan zambon ya yi aikinsa duk da an ƙaryata shi.

Harris ta mayar da martani da harin da magoya bayan Trump suka kai ginin majalisa ranar 6 ga Janairu, 2021, da zanga-zangar masu fifita farar fata a Shalotsbil a 2017. Lalle ba za mu auna waɗannan a ma'auni ɗaya ba, domin harin majalisa abu ne da ya faru a gaban kyamara, kotuna kuma suka hukunta ɗaruruwan mutane a kansa. Duk da haka, babu wanda ya tsaya ya bayyana ma'aunin da ake gane tsattsauran ra'ayi da shi, shin nisa ne daga ra'ayin mafi yawan jama'a, ko kuwa ƙin karɓar sakamakon zaɓe da yarda da amfani da ƙarfi.

4.0 Allurar Rigakafi

Masu gabatarwa ba su yi tambaya ko ɗaya a kan rigakafi ba, kuma wannan shirun shi ne babban giɓin muhawarar. Kwana 18 kacal kafin ranar, watau 23 ga Agusta, Robert F. Kennedy ƙarami, wanda ya yi shekaru yana jagorancin masu shakkar rigakafi, ya jingine takararsa ya mara wa Trump baya.

Shirun ya yi wa ɓangarorin biyu daɗi. Gwamnatin Trump ce ta zuba kuɗi aka gaggauta samar da rigakafin korona a 2020, amma da ya shawarci magoya bayansa su karɓa a wani gangami a Alabama a Agustan 2021, wasunsu ihu suka yi masa. Harris kuma a muhawarar mataimaka ta 2020 ta ce in likitoci suka ce a karɓa ita ce farko, in kuwa Trump ne ya ce, ba za ta karɓa ba. Daga baya gwamnatin da take mataimakiya a ciki ta wajabta allurar ko gwaji a kan ma'aikatan manyan kamfanoni, Kotun Ƙoli ta dakatar da umarnin a Janairun 2022.

Da an yi tambayar, da ta tona wani abu da ke ƙarƙashin batun zubar da ciki ma, watau wa ke da iko da jikin mutum, shi ko hukuma? Masu kare damar zubar da ciki sun daɗe da taken cewa jikin mace nata ne, zaɓi ma nata ne. A lokacin korona masu ƙin allura suka ari wannan take ɗungurungum suka rubuta a kwalayensu. Kowane ɓangare yana da amsarsa: ɗaya zai ce cuta mai yaɗuwa tana shafar maƙwabci, ɗayan zai ce ciki ma akwai rai na biyu a cikinsa. Wannan ita ce gardamar gaskiya, kuma tsohuwa ce, domin tun a 1905 Kotun Ƙoli ta yarda jihar Masacusets ta tilasta rigakafin agana. Ta fuskar rigakafi ba a taɓo ta ba ko da jimla ɗaya.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan shakku. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996 yana cikin abin da mutane suka tuna sa'ad da jihar ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa Yulin 2004. Baƙaƙen fatar Amurka su ma suna da binciken Taskigi na 1932 zuwa 1972, inda aka bar maza masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke ci. Saboda haka mun san mai shakka yakan zo da tarihinsa, kuma kiransa da sunan banza ba ya sa ya miƙa hannun ɗansa.

Trump ya ci zaɓe da ƙuri'un wakilai 312, Harris na da 226. Ranar 13 ga Fabrairu, 2025, Majalisar Dattawa ta tabbatar da Kennedy a kan kujerar ma'aikatar lafiya da ƙuri'a 52 a kan 48. Ba za mu ɗora masa ɓarkewar ƙyanda ta yammacin Teksas ba, domin ta fara tun a Janairu kafin ya kama aiki. Amma yara biyu da ba a yi wa rigakafi ba sun mutu a cikinta, a ƙasar da ta yi shelar kawar da ƙyanda tun 2000, kuma yawan waɗanda suka kamu a 2025 ya zarce na kowace shekara tun 1992. A watan Yuni na wannan shekarar Kennedy ya sallami dukkan mutum 17 na kwamitin da ke ba gwamnati shawara a kan alluran da za a yi wa yara, ya naɗa nasa. Mutum miliyan 67 da suka zauna gaban talabijin a daren 10 ga Satumba ba su ji an tambayi ko ɗaya daga cikin 'yan takarar wa zai ba wannan kujera ba.