Ba Asiri Ba Ne, 'Yar Uwa

Ya ke 'yar uwa mai karatu, yau da marubutanmu nake, da masu shirya mana fim, da kuma mu kanmu mata. Na karanta littattafan soyayya ba adadi, amma kusan duk inda aka sako mai raunin ƙwaƙwalwa, ɗayan biyu ne: ko dai dolo ne da aka ajiye don a yi dariya, ko kuwa kishiya ce ta yi masa asiri, a shafin ƙarshe a tone layar, ya warke sarai, a ɗaura aure. Wallahi wannan labari ya cuce mu.

Ina da ƙanwa a gidanmu a Zauro, yanzu ta haura ashirin. Ta zo duniya bayan doguwar naƙuda, ba ta yi kuka da wuri ba, ta makara wajen tafiya da magana. Shekara da shekaru Innarmu na zargin abokiyar zamanta, kuɗin shinkafar da aka noma a fadama suna ƙarewa wajen masu magani, daga Argungu har Birnin Kebbi. Gida ya rabu biyu, 'yan uba ko gaisawa ba sa yi. Ita kuwa yarinyar tana ƙuryar ɗaki, ko kwano ba a bari ta ɗauraye.

Alhali likitoci sun daɗe da bayyana sanadin: doguwar naƙuda mai hana jariri iska, shawara mai tsanani a kwanakin jego, sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Arewa a 1996, ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, ko lalurar da ake kira Down, wadda ake haihuwar yaro da ita. Ba hauka ba ne, kuma tone laya ba ya raba mutum da shi. Amma mai shi yana koyo, sai dai a hankali, da yawan maimaici. Wannan ne marubutanmu suka ƙi gaya mana.

Ranar da na ce a bar ta ta sa hannu a aikin shinkafa, Inna ta ce, "Ke dai bari, mi za ta iya? So kike ɗiyata ta ƙone?" Na ce, "Inna, Allah Ya ja kwana, amma ran da babu ke, wa zai yi mata?" Ta yi shiru, sai hawaye. Muka fara da shanya, ba a kai ta bakin murhu ba. Yau ita ke wankanta da wankinta, ita ke shanya shinkafar da aka turara, tana kai aike maƙwabta ta dawo da canji, har asusu gare ta. Ba ta warke ba, amma ta zama mutum a gidan.

To, kada kuma a ce na ce a saki reshe a kama ganye. Wasu in sun gaji sai su aurar da irin wannan yarinya sadaka ga duk wanda ya taya, ba a tambaye ta ba, ko a miƙa wa namijin ƙoƙon bara. Wannan yasarwa ce. A koya mata sana'a, a koya mata cewa a'a, ta san jikinta nata ne. A zaunar da yayye tun iyaye na raye, a san wanda zai riƙe ta da gadonta. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a tsare wa masu rauni dukiyarsu, a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a kuma yi musu magana mai daɗi.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu naƙasa, a 2020 aka kafa musu hukuma. Amma doka ba ta shiga tsakar gida, mu ne a can.

Don haka marubuta, ku rubuta mana yarinyar da ba ta warke ba har shafin ƙarshe, amma ta iya sana'arta, 'yan uwanta suna ji da ita. Ni ce zan fara saye, in kai wa Inna a karanta mata. Allah Ya sa mu gane, amin.