Jinjina ga Marubutan Littattafan Star Trek

Dole a sara wa marubutan da ke ɗauko jaruman Star Trek daga talabijin su gina musu labari mai cin gashin kansa, wanda ba sai ka karanta wani littafin kafin ka gane shi ba. Hannunsu a ɗaure yake, ba damar kashe babban jarumi kamar Kyaftin Kirk. Duk da haka, a 1984 John M. Ford ya rubuta The Final Reflection, ya shiga rayuwar al'ummar Klingon har da wasan dararsu. Ni dai na fi son A Stitch in Time na 2000. Andrew Robinson, wanda ya fito a matsayin Garak a talabijin, wani tela tsohon ɗan leƙen asiri, shi ya rubuta shi da kansa, a sigar wasiƙa zuwa ga Dakta Bashir, wani jarumin shirin.