Mamar Kassey: Sarewar da ke Tsayar da Hira a Tampouy

Duk wanda ya ce kiɗan gargajiya ya tsufa, wallahi bai ji Mamar Kassey ba! Ƙungiya ce ta Yamai, wadda Yacouba Moumouni ya kafa a 1995 tare da gwanin jita Abdallah Alhassane, suka raɗa mata sunan wani gwarzon daular Songhai. A nan unguwarmu ta Tampouy a Burkina, ko a majalisar shayi aka kunna su a waya, hira tsayawa take yi, har mai zuba shayin ya manta da butarsa a kan gawayi.

Sarewar Yacouba ce ke kashe ni. Bafulatani ne daga yankin Tera, kuma busarsa ta makiyaya ce tsantsa: iska na fita tare da sautin, wani lokaci muryarsa ta kutsa cikin busar, ka rasa gane mutum ne ke kuka ko karan. Kafin ka farfaɗo, mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata, ganga ta yi magana. Mai ƙwarya ya dunƙule hannu ya sauke a tsakiyarta, molo na bi a hankali. Kai, jama'a! Jitar zamani tana ciki, amma ta san matsayinta, ba ta danne manya. Wannan ladabin ne ya sa nake fifita su a kan ƙungiyoyi da yawa masu cewa suna sabunta gargajiya.

Mu mutanen Burkina muna da rabonmu a tarihinsu, domin daga bikin Nuits Atypiques na Kudugu hanyar Faransa ta buɗe musu, sannan faifan Denké-Denké ya fito a 1999, Alatoumi ya biyo baya. Suna rerawa da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa, shi ya sa kowa a zango yake jin nasa ne.

Mutanen tsaunukan Andes sun riƙe sarewarsu ta quena da alfahari, har kiɗan El Cóndor Pasa, da Daniel Alomía Robles na Peru ya tsara a 1913, ya zagaya duniya. To, tamu ba ta gaza tasu da komai ba.

'Yan'uwa, ku nemi Alatoumi ku saurara daga farko har ƙarshe, kuma don Allah ku kira yara su zauna su ji.