Laifin awo ne, a daina tuhumar ƙugu

Wanda ya ɗan yi jiki a unguwar Perry Barr ta Ingila, ya shiga kantunan One Stop neman wandon jins, ya san abin da ke jiransa a ɗakin gwaji. Wanda ya zauna a ƙugu sai ya matse cinya, wanda ya saki cinya sai ya bar rami a baya, lambar da ta shige shi a wannan kanti kuma ta ƙi maɓalli a na kusa da shi. Yawanci mutum kan fito yana jin haushin tumbinsa. A ganina ba nan matsalar take ba. Sana'ar ɗinki ce ta watsar da awo, ta koma ɗinka wa mutumin da babu shi.

Jiki ya canza, wannan ba a musu. Binciken SizeUK da aka fitar a 2004 ya nuna ƙugun matan Birtaniya ya kai inci 34 a matsakaici, alhali a 1951 bai wuce 27 da rabi ba. To amma ƙiba ba ta raba kanta daidai. Wani a ciki take taruwa, wata a cinya da mazaunai. Masana'anta kuwa samfuri ɗaya take yankawa, ta riƙa ƙara masa faɗi da tsawo lamba bayan lamba, kamar jikin mai inci 40 hoton na mai inci 30 ne da aka buɗa. Ga kuma lambobin su kansu. Birtaniya ta fitar da ma'aunin BS 3666 a 1982 don kayan mata, sai dai babu dokar da ta tilasta binsa, don haka kowane kamfani da irin tasa lamba goma sha huɗun. Wasu na rubuta ƙaramar lamba a babban wando don mai saye ya ji daɗi. H&M ma sai da ƙorafi ya yi yawa ta sauya lambobin kayan matanta na Birtaniya a 2018. Abin mamaki, jins daga hannun tela ya fito: Jacob Davis, wanda shi da Levi Strauss suka yi rajistar ƙusoshin aljihu a 1873, yana ɗinka wa masu kawo masa aiki ne a garin Reno.

Za a ce ai zaren roba ya kashe wannan magana, tunda jins mai miƙewa ya cika kasuwa. Ya dai rufe ta na ɗan lokaci. Irin wannan yadin kan saki a gwiwa, ya sule a tsakanin cinya inda mai jiki ya fi gogawa, kuma haɗa auduga da roba na wahalar da masu sake sarrafa tufafi. An ba mutum sauƙin sakawa, an karɓe ƙarkon da ya sa ake sayen jins tun farko. Masu cewa a rage ƙiba kawai kuma, maganarsu ta likita ce, tana da muhallinta. Amma mai jego da mai shan maganin da ke ƙara nauyi suna bukatar wandon zuwa aiki gobe da safe.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta ƙin zuwa wurin tela ita ce tsada. A Kano mutum zai yanko yadi a Kantin Kwari, tela ya ɗora masa tef, ya bar ƙubaka da zariya ta yadda wando zai bi shi ko ya ƙaru ko ya rame. A Ingila ladan hannu na da nauyi, gyara kaɗai zai iya kusantar kuɗin sabon wando a Primark. Na yarda. Sai dai lissafin ya kamata ya haɗa da wanduna biyu ko uku da ke kwance a akwati don babu wanda ya zauna. Kuma ba cewa nake a ɗinka daga farko ba. A sayi mai kauri wanda ya ishi cinya da mazaunai, a kai wa mai gyara ya rage ƙugun ta ɗinkin baya, domin rage yadi abu ne mai sauƙi, ƙara shi a jins kuwa da wuya, saboda ba a barin rara a ɗinkinsa. Daga Birchfield Road a Perry Barr zuwa Soho Road a Handsworth ba tafiya ce mai nisa ba, kuma can masu yadi da masu keken ɗinki ba su ɓace ba.